Daga caji ofis zuwa gidan yari: Yadda beli yake aiki da abin da ke hana talakan ƙauye samun sa

A garuruwa irin su Indabo da ke Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, idan labari ya iso gida cewa 'yan sanda sun kama ɗan wane, da wuya ka ji wani ya fara tambayar abin da doka ta ce. Tambayar farko ita ce: nawa za a nema? Daga nan sai a shiga lissafin abin da za a ɗaga, ko akuya ko buhun gero, wani lokaci ma har da jinginar da gona, a kuma nemi wani mai faɗa a ji da zai raka dangi ofishin 'yan sanda.

Abin mamaki shi ne, a bangon yawancin ofisoshin 'yan sandan Najeriya akwai sanarwar da ke cewa beli kyauta ne. Haka kuma Wudil ɗin ce ke ɗauke da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ƙasa, inda ake koya wa manyan jami'an gobe wannan doka. Duk da haka mutane da dama na kallon beli a matsayin kuɗin da ake biya a sayi 'yancin ɗan'uwa.

Wannan fahimtar tana jawo asarar dukiya, tana kuma sa mutane su kwashe watanni a tsare kan laifin da ba a tabbatar sun aikata ba.

Mene ne beli?

Beli shi ne sakin wanda ake zargi na wucin gadi, bisa alƙawarin cewa zai dawo duk ranar da 'yan sanda ko kotu suka buƙace shi. Wanda aka ba beli ba a wanke shi ba, shari'arsa na nan. Haka wanda aka hana beli ba a same shi da laifi ba tukuna.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin 1999. Sashe na 36(5) ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukar sa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar da akasin haka a gaban kotu. Sashe na 35 kuma ya ba kowa 'yancin walwala, ya kuma ƙayyade lokacin da za a iya riƙe mutum kafin a kai shi gaban alƙali: kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, kwana 2 idan babu, ko wani lokaci da kotu za ta ga ya dace da yanayin.

Ga mutumin Indabo da ake zargi da ƙaramin laifi, lissafin a fili yake. Akwai kotuna a garin Wudil, kuma tazarar ba ta kai kilomita 40 ba, don haka ƙa'idar kwana 1 ce ta hau kansa.

Sashen ya kuma ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa, ya wajabta a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake fahimta, sannan ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

Lamuni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayanin lamunin dukiya, da lamunin kawo mutum da kansa gaban alƙali, da lamunin neman sa idan ya ɓace. Belin zamani ya fi kama da na biyun: wani ya tsaya ya ce wannan mutum yana wuyana, ni zan kawo shi.

Belin caji ofis

Mu ɗauka rigima ta kaure tsakanin matasa biyu kan iyakar gona, ko an zargi wani da ɗauke tunkiya, aka kama shi ranar Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci. Kotuna ba sa zama Asabar da Lahadi, wato idan ba a sake shi ba sai Litinin zai ga alƙali.

Don irin wannan ne Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ke aiki a duk faɗin ƙasar, ta tanadi belin caji ofis. Idan laifin ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba zai yiwu a kai mutum kotu cikin awa 24 ba, jami'in da ke kula da ofishin zai duba lamarin ya sake shi bisa beli, ko da mai tsaya masa ko babu. Abin da ake yi shi ne cike takarda da sa hannu kan alƙawarin dawowa. Ko an rubuta adadin kuɗi a takardar, kuɗin alƙawari ne da zai hau kan mutum idan ya saɓa, ba a karɓar sa a hannu.

Duk wani abu da aka nema da sunan kuɗin biro, kuɗin takarda, kuɗin mai ko na goro kafin a buɗe sel, ba shi da gurbi a doka. Rundunar 'yan sandan da kanta ta sha nanata haka, kuma tun 2015 ta kafa sashen karɓar ƙorafin jama'a kan jami'anta.

Akwai wasu abubuwa biyu da dokar ta hana waɗanda suka shafi mutanen karkara kai tsaye. Na farko, kama wani a madadin wani. Idan ana neman ɗa ya gudu, ba a yarda a kama uwarsa ko ƙanensa ko matarsa don a matsa masa ya fito ba. Na biyu, kama mutum saboda rikicin da ba na laifi ba, kamar bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wanda ya karɓi bashin taki ya kasa biya bayan damina, hurumin kotun da ke sauraren ƙararrakin haƙƙi ne, sai dai idan akwai zamba a ciki.

Idan magana ta kai kotu

Jihar Kano ta yi sabuwar dokar tafiyar da shari'ar laifuka a 2019, wadda ta gaji tsohuwar dokar da Arewa ke amfani da ita tun 1960. An gina ta ne a kan samfurin dokar tarayya ta 2015 da aka fi sani da ACJA, wadda ta kasa laifuka gida uku idan ana maganar beli.

Kashi na farko ƙananan laifuka ne, waɗanda hukuncinsu bai wuce ɗaurin shekara 3 ba. A nan beli haƙƙin wanda ake tuhuma ne, sai idan kotu ta ga wani dalili na hana shi.

Kashi na biyu laifukan da hukuncinsu ya haura shekara 3. A nan ma ƙa'ida ita ce a bayar, sai idan akwai dalilin da ke nuna mutumin zai gudu, ko zai sake aikata wani laifi, ko zai tsorata shaidu, ko ya ɓata hujja, ko ya kawo cikas ga bincike.

Kashi na uku laifukan da hukuncinsu kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami. Alƙalin Babbar Kotu kaɗai ke iya bayar da belin waɗannan, shi ma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da ba za a iya kula da ita a gidan yari ba, ko jinkirin bincike da gurfanarwa da ya haura shekara 1.

Kafin ya yanke shawara, alƙali yakan duba girman laifin, ƙarfin hujjar da ke hannun masu gabatar da ƙara, tarihin mutumin, da ko sakin sa zai jefa shi kansa cikin haɗari. A shari'ar Dokubo-Asari ta 2007, Kotun Ƙoli ta ƙara da cewa barazana ga tsaron ƙasa na iya zama dalilin hana beli.

An bayar da beli, amma mutum yana ciki

Sau da yawa matsalar talaka tana farawa ne bayan alƙali ya ce ya bayar da beli, lokacin da aka karanto sharuɗɗa. Wata kotun za ta ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi kaza, wata ta ce a kawo mai takardar mallakar fili a cikin birni, wata kuma ta nemi hakimi ko dagaci.

Manomin da danginsa duka manoma ne, gonarsu ta gado ce da ba ta da takardar gwamnati, ina zai samo babban ma'aikacin da zai ajiye takardar ɗaukar aikinsa saboda shi? A irin wannan hali ne ake samun masu yawo a harabar kotuna suna tsaya wa mutanen da ba su taɓa gani ba idan an biya su, abin da ke ƙara wa dangi nauyi, yake kuma rushe manufar belin baki ɗaya.

Dokar tarayya ta ce kada sharuɗɗan beli su yi tsauri fiye da kima. Mutanen Kano sun ga misalin abin da ake gudu a ranar 1 ga Nuwamba, 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan shekarar. Da yawansu yara ne da aka kamo daga Kano da wasu jihohin Arewa, kuma sun shafe kusan wata 3 a tsare. Wasu daga cikinsu sun yanke jiki sun faɗi a cikin kotun.

Kotun ta ba su beli a kan Naira miliyan 10 kowannensu, da masu tsayawa biyu, ɗaya daga ciki ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15 ko sama. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne, wato miliyan 10 ta kai albashin kusan shekara 12 na ƙaramin ma'aikaci. Abin da ya fitar da su a ƙarshe shi ne surutun da hotunansu suka tayar, wanda ya sa Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sakin yaran, aka janye tuhumar, aka miƙa na Kano ga Gwamna Abba Kabir Yusuf.

Tun kafin wannan, a 2019, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta cire sharaɗin kawo babban ma'aikacin gwamnati daga belin tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuki mai ritaya. Shari'ar Dasuki ta kuma nuna wata fuskar matsalar: kotuna da dama sun ba shi beli, Kotun ECOWAS ta yi umarnin sakin sa a 2016, amma ya ci gaba da zama a tsare daga Disamban 2015 zuwa Disamban 2019.

Abin da ya kamata dangi su sani shi ne, sharuɗɗan beli ba a kafe suke ba. Ana iya komawa gaban alƙalin a roƙi sassauci, idan ya ƙi kuma a garzaya Babbar Kotu.

Nauyin da ke kan mai tsayawa

A ƙauye, kunya da zumunci kan sa mutum ya sa hannu a takardar beli ba tare da an karanta masa abin da ke ciki ba. Wanda ya tsaya wa wani ya ɗauki alƙawarin kawo shi kotu a duk zama. Idan mutumin ya tsere, kotu za ta kira mai tsayawar ya faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ya sa wa hannu. Idan ya kasa gamsar da ita, za a nemi ya biya, a iya taɓa dukiyarsa, har ma ya iya kwana a gidan yari.

Sanata Ali Ndume ya ɗanɗana wannan. Shi ne ya tsaya wa tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, Abdulrasheed Maina, a kan Naira miliyan 500. Da Maina ya daina zuwa kotu, Mai Shari'a Okon Abang ya tura sanatan gidan yarin Kuje a ranar 23 ga Nuwamba, 2020, inda ya yi 'yan kwanaki kafin shi ma a ba shi beli. Daga baya an kamo Maina a Jamhuriyar Nijar, kuma a Nuwamban 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara 8.

Laifin wanda ya gudu ba ya komawa kan wanda ya tsaya masa, abin da ke kansa shi ne alƙawarin da ya ɗauka. Kuma doka ta ba shi mafita: idan ya ga take-taken mutumin sun canja, yana iya zuwa kotu ya nemi a cire shi daga lamunin tun kafin abu ya lalace.

Mace fa? Har yanzu a wurare da dama ana mayar da uwa ko matar aure da cewa mace ba ta beli. Sashe na 167(3) na dokar tarayya ta 2015 ya faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani don kawai mace ce ba, sannan sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Wannan na da muhimmanci a garuruwan da maza ke tafiya cin rani, a bar mata su kaɗai da ɗawainiyar gida.

Zaman jiran shari'a

Wurin da mutane suka fi maƙalewa shi ne manyan laifuka. 'Yan sanda kan kai wanda ake zargi da kisa ko fashi gaban kotun majistare, wadda ba ta da hurumin yin shari'ar, sai ta ba da umarnin a ajiye shi a gidan gyaran hali har Ma'aikatar Shari'a ta duba fayil ɗinsa ta ba da shawarar ko a tuhume shi ko a sallame shi. Kotun Ƙoli ta amince da halaccin irin wannan ajiya a shari'ar Lufadeju da Johnson ta 2007.

Idan fayil ya yi jinkirin barin hannun masu bincike, ko an canja wa ɗan sandan da ke riƙe da shi wurin aiki, sai makonni su koma shekaru. Wani ɗan Najeriya mai suna Sikiru Alade ya zauna a haka a Legas tun 2003 ba tare da an fara shari'arsa ba, har sai da Kotun ECOWAS ta yi umarnin a sake shi a biya shi diyya a 2012.

Don toshe wannan kafa ne dokar 2015 ta ƙayyade umarnin ajiya zuwa kwana 14 a karon farko, ana iya sabunta shi na ƙayyadadden lokaci, daga nan sai hukumomi su zo su kare dalilin ci gaba da tsarewar ko kotu ta saki mutumin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta wajabta wa alƙalan majistare ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata, su duba waɗanda ke tsare, su ba da belin wanda ya cancanta.

Duk da haka, alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali na 'yan shekarun nan sun nuna cewa daga cikin kimanin mutum 80,000 da ke tsare a faɗin ƙasar, kusan kashi 2 cikin 3 jiran shari'a suke yi. Wannan ne babban dalilin cunkoso a tsofaffin gidaje irin su Kurmawa da Goron Dutse a birnin Kano. Ziyarar da Babban Jojin jiha kan kai gidajen yana sallamar wasu tana rage raɗaɗi, amma sababbin shiga kan cike gurbin cikin ɗan lokaci.

Ga iyalin ƙauye, tsare mutum ɗaya a watan Yuni ko Yuli na nufin gonar da ba a nome ba. Ga kuɗin motar zuwa Kano a duk ranar zaman kotu, ga abincin da ake kai masa, ga yaran da karatunsu ke tsayawa. Ko da a ƙarshe kotu ta wanke shi, daminar ta riga ta wuce.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka, inda ake ajiye tsabar kuɗi a matsayin beli, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Kalief Browder ya yi shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers daga 2010 kan zargin satar jaka, bayan iyalinsa sun kasa biyan Dala 3,000, kuma daga ƙarshe aka janye ƙarar. Muhawarar da irin wannan ta haifar ce ta kai Jihar Illinois ga soke belin kuɗi gaba ɗaya a 2023.

Ina mafita?

Akwai ƙofofin da talaka zai iya ƙwanƙwasawa ba tare da ya biya ba. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofishi a Kano kuma aikinta shi ne samar da lauya ga wanda ba shi da hali. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano. Idan an riƙe mutum fiye da ƙa'ida, lauya na iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotu a ƙarƙashin ƙa'idojin 2009, a nemi saki da diyya.

Matsalar ita ce yawancin waɗannan ofisoshi a birni suke, kuma mutumin Indabo, ko Utai, ko Lajawa, ko Achika bai cika sanin da su ba. Shi ya sa rawar dagatai, masu unguwanni, limamai da ƙungiyoyin ci gaban gari take da girma. Su ne mutanen da dangi ke fara nufa, kuma idan suka san doka, za su raka mutum su nemi haƙƙinsa maimakon su shiga cinikin farashi.

Idan aka kama naka, ka rubuta rana da lokacin kamun, da ofishin da aka kai shi, da sunan jami'in da ke bincike. Ka tambayi laifin da ake zargin sa da shi. Ka nemi beli a rubuce, ka ajiye kwafi, ka je da katin shaidarka da hotonka. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Idan kwana ya wuce ba a sake shi ba kuma ba a kai shi kotu ba, ka nemi lauya nan take.

Shi kuma wanda aka ba beli, ya riƙe ranar komawarsa kotu kamar yadda yake riƙe ranar kasuwa. Fashin zama ɗaya ba tare da uzuri ba na iya sa a soke belin a ba da sammacin kamo shi, ya kuma jefa wanda ya yi masa rana cikin wahala. Duk lokacin da wani ya tsallake beli, alƙalai kan ƙara tsaurara sharuɗɗa, kuma talakan da zai zo bayansa ne ke biyan kuɗin.